Yatsan Inna a Jikin Fataka

Litinin, 9 ga Satumba, 1996

Yau malamata ta amince da batun kundin digirina, bayan ta juya takardar sau uku tana neman inda na ɓoye wasan. Abin da zan bincika shi ne kamfanonin nan masu duba tsofaffin tsabar kuɗi su ba su maki daga ɗaya zuwa saba'in. In aka aika musu tsaba ɗaya sau uku ba su sani ba, makin zai zo iri ɗaya? Ta ce kowa a sashen kan jarrabawar yara yake rubutu, ni me ya kai ni ga kwabbai. Na ce mata shekara shida na yi ina makin jarrabawa a Zariya, kuma na san takardar da na ba arba'in da safe, da bayan na ci abinci ta zo hannuna tana iya samun hamsin. Abin ya daɗe yana cina. Su kwabbai aƙalla ba su da iyayen da za su zo ofis da kuka.

Najib ya ce daman ni komai sai na ba shi maki, har shi mijina bai tsira ba. Gaskiya ne. Yau hamsin da biyar ya samu, don ya bar kwanuka a jiƙe.

Asabar, 14 ga Satumba

Na shiga bas zuwa High Point Road, wani titi a garin nan na ƙasar waje da nake karatu, shagon Mista Pegram mai sayar da tsofaffin tsabar kuɗi, tsakanin masu sayar da tsofaffin motoci da kantin da muke sayen manja. Dattijo ne mai kaurin tabarau, shekara arba'in yana wannan sana'a. Da na gaya masa nufina sai da ya yi dariya har ya zauna. Ya ce ya daɗe yana jiran wanda zai yi wa mutanen nan haka, kuma zai ara mini tsaba goma sha ɗaya.

Yadda ake yi, in ji shi: mutum uku ne, kowa a ɗaki mai duhu da fitila ɗaya. Kowa ya juya tsabar na 'yan daƙiƙu ya rubuta lamba, sannan a rufe ta cikin gidan roba da lambar a jiki. 'Yan daƙiƙu! Me ido zai gani a wannan ɗan lokaci? Wannan nake so in sani fiye da komai.

Doka biyu ya kafa mini. A riƙe tsaba ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarta. Kuma ko ta yi baƙi ƙirin, kada a wanke. Ta biyun sai da ya faɗa sau uku.

Goma sha ɗaya ba ta zama daidai a jadawali. Ina son ta sha biyu.

Laraba, 18 ga Satumba

Gwaggo ta ji ina yi wa Najib mitar tsaba ta sha biyu. Wata biyu ke nan da zuwanta daga gida, har yanzu likita ya ce ba zai taɓa yanar idonta ba sai hawan jinin ya sauka. Ƙanwar Baba ce amma ita ta raine ni, ita ta san kukana tun ban san sunana ba, yanzu ga shi sai da lalube take gane ƙofar banɗaki. Yana mini ciwo, ba na dai nunawa.

Ta lallaba ɗaki ta dawo da wata 'yar jakar fata ɗinkakkiya ta ko'ina kamar laya. Ta ce fataka ce a ciki, wato sule biyu na azurfa na zamanin Turawa. Kakana ne ya karɓo ta sabuwa dal a kanti a Kano, ya ba Inna, mahaifiyarsu, ranar sunan ɗanta na fari. Ba a taɓa kashe ta ba. Da Inna ta rasu a 1961 Gwaggo ta kai wa baduku ya ɗinke, tun ranar ba wanda ya sake ganinta.

Ni ta miƙa wa reza. "Su duba mini ita, in ji abin da masana za su ce."

Da ta faɗo tafin hannuna sai ta ce, "Fara ce sol, ko?" Baƙa ce. Baƙi mai shuɗi-shuɗi, da ɗan ja ta gefen bishiyar da ke bayanta. Na ce, "Tana nan lafiya lau, Gwaggo." Ban san me ya hana ni faɗa ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Mista Pegram ya juya ta ya nuna mini shekarar da aka buga ta: 1919. Ya ce wannan baƙin ba datti ba ne, fatar ce ta rina ta a hankali, kuma masu tara tsaba shi suke nema ido rufe. Sannan ya miƙo mini ɗan gilashinsa mai ƙara girma ya ce in duba bayan kan Sarkin Turawa da ke jikinta.

Shatin yatsa ne. Babban yatsa, layi-layi, fes. Wai maiƙon hannu in ya zauna a kan azurfa aka bar shi shekaru, cin ƙarfen yake yi har ya zama jikinsa. Ya ce a nan alƙalan za su rabu, wani zai rage maki saboda shi, wani ko a jikinsa.

Na ɗauki hoton kowace tsaba gaba da baya kafin mu kai gidan waya. Duk hanyar dawowa tunanina ɗaya: yatsan wa?

Talata, 22 ga Oktoba

Sun dawo. Fataka sittin da biyu. Na yi wa Gwaggo bayani cewa daga sittin zuwa sama na nufin tsaba ba ta taɓa yawo a kasuwa ba. Ta gyaɗa kai, ta shafa gidan robar, sai ta ce, "To ina sauran takwas ɗin?"

Najib ya ce yanzu ya gane inda na gado.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ina yanka kuɓewa Gwaggo ta ji ƙarar wuƙar ta ce in rage gaggawa, haka Inna ta tsaga babban yatsanta na dama tana amarya, tabon bai ɓace ba har ta koma ga Allah. Daga nan hira ta ɓalle. Ashe kowace safiyar Sallah Inna kan ɗauko fatakar, ta jera 'ya'yanta, ta ɗora wa kowa a tafin hannu ta danna da babban yatsa ta ce, "Allah kada ya bar hannun nan wayam." Sai ta ɗauke abarta ta mayar. Har sun yi aure tana yi musu. Na ƙarshe shi ne Babbar Sallar shekarar da ta rasu, kuma Gwaggo ce ƙarshen layi.

Na bar kuɓewar a faranti na tafi na zaro hoton. Ga shi nan, wani siririn layi ya ratsa shatin daga sama zuwa ƙasa.

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Gwaggo ta sha gaya mini fuskarta ta fara ɓace mata. Ni kuwa ga yatsanta a hannuna.

Ba zan gaya mata ba. In na faɗa yanzu labari kawai za ta ji. Ina so ranar da idon ya buɗe in sa mata gilashin, in yi shiru, ta gani da kanta.

Talata, 19 ga Nuwamba

Zagaye na biyu na can wurinsu tun makon jiya. Fasa gidajen robar da filaya, don kada su gane sun taɓa ganin tsabobin, ya fi komai tayar mini da hankali, Mista Pegram kuwa kamar mai fasa gyaɗa.

Na gwada kaina da wasu tsaba goma na shagonsa. Na ba su maki ranar Asabar, na sake yau ban duba na farko ba. Huɗu kawai suka zo daidai. Na ba kaina talatin.

Juma'a, 6 ga Disamba

Cikin sha ɗayan Mista Pegram, bakwai sun dawo da makinsu na farko, uku sun motsa da ɗaya, ɗaya da biyu. Sun fi yadda na zata, har na ɗan ji haushi. Fataka kuwa hamsin da takwas.

Ƙasa da sittin ke nan, wato a ganin waɗannan ukun ta taɓa shiga hannun mutane. Tsaba ɗaya, kamfani ɗaya, mako shida tsakani. Mista Pegram ya ce kuma duka biyun suna da hujja: ba ta je kasuwa ba, amma wani abu ya shafi saman kumatun Sarki kaɗan. Na san mene ne. Tafin hannun yara shida ne, Sallah biyu a shekara.

Da ma ban fassara wa Gwaggo ba. "Wa ya ce an kashe ta? Uban wa ya gan ta a kasuwa?" Ta ƙi cin tuwo. Oumou maƙwabciyarmu, mutuniyar Maraɗi da ke zama da ita in na tafi makaranta, ta ce duk yini maganar ke nan, wai an yi wa Inna ƙarya.

Tambayar da ta tsaya mini: in ƙwararru biyu suka saɓa kuma kowa ya ga abin da ke akwai, kuskuren na wa? Ban san a wane babi zan sa wannan ba.

Laraba, 15 ga Janairu, 1997

Azumi. Hawan jinin Gwaggo ya sauka, an sa ranar aikin ido bayan Sallah. Na aika sha ɗaya zagaye na uku, na riƙe fataka a gida, a cikin 'yar ambulan a aljihun teburina. Malamata ta ce hakan zai ɓata tsarin lokaci. Na ce zan aika daga baya. Ban gaya mata ina so Gwaggo ta gan ta ba roba tsakaninsu ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Jiya aka yi idon dama, yau aka cire bandeji. Abu na farko da ta ce da ta dube ni: "Jidda, ashe kin yi furfura." Guda uku ne fa.

Likita ya ce sai kamar mako guda ganin zai washe sosai. Na sa Asabar ta sama, 22 ga wata. Mista Pegram ya ara mini gilashinsa mai kyau, na sayi fitilar tebur. Najib ya ce ko ranar aurenmu ban yi wannan shiri ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda ya faru, ko zan iya numfashi.

Na dawo daga aji wajen la'asar. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin lemon tsami. Gwaggo da Oumou na zaune a kicin, gabansu kwano da ɓawon lemo da tokar da suka kwaso daga murhun da Najib ya gasa nama ranar Sallah. Gwaggo sai murmushi take, hannunta a dunƙule.

Ashe idon bai jira mako guda ba. Da safe ta ga tana iya karanta agogon bango, sai ta tafi neman fatakarta. Ta same ta.

"Haba Jidda. Haka kika aika ta gidan mutane har sau biyu, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya? Ko kwanon aro ba a mayarwa a haka. Ina za su ga sabuwa ce?" Ta ce kunya ta kama ta har cikin ƙashi, kayan Inna ya je hannun baƙi da dauɗa. Oumou na ta cewa, "Dubi, propre, tsaf-tsaf, voilà, ga shi har fuska ana gani."

Ta buɗe hannu. Fara sol.

Na karɓa, na shiga ɗaki, na kunna sabuwar fitilar. Bayan kan Sarki babu komai sai ƙananan ƙarce na toka. Na juya ta ta kowace fuska. Babu.

Na fito na ce ta yi kyau.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ni na ce mata tana nan lafiya lau. Ni na ɓoye mata dokar Mista Pegram, don ban ga abin da zai haɗa makauniya da wanke tsaba ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mista Pegram bai ma ɗauki gilashi ba. Daga nesa ya gani ya cire tabarau ya shafa fuska. Abokansa biyu 'yan sana'ar na shagon, ya miƙa musu. Kowannensu kallo ɗaya ya yi ya ce an wanke. Na tambaya ko akwai yadda za a dawo da shi. Ya ce baƙin yana iya dawowa wata rana, wani baƙin dabam. Yatsan kuwa ya tafi da fatar ƙarfen da toka ta kankare.

Na yi kuka a shagon mutane. Ya kawo mini ruwa a kofin takarda, ya koma yana jera abin da yake a jere.

Na ce a aika ta haka nan, zagaye na uku. Ina so in ga abin da za su ce.

Juma'a, 21 ga Maris

Ta dawo ba gidan roba, ba lamba, a cikin 'yar leda da takarda mai kalma ɗaya: an wanke. Ba sa ba irin wannan maki.

Wata shida ina neman inda bakin masanan nan zai zo ɗaya babu tantama. Ga shi na samu. Mutum uku a shago, uku a kamfani, ba wanda ya yi jayayya. Da baƙinta da yatsanta sun kasa daidaitawa, da aka share komai duk sun yarda. Malamata ta ce wannan ne sakin layi mafi kyau a kundin, in faɗaɗa shi. Na ce to.

Gwaggo na jira a falo, yanzu da idanu biyu, don an yi na hagun. "Nawa suka ba ta?" Na ce sun ce wannan karon ba su da lambar da za su ba ta. Ta tafa hannu. "Ka ji masu hankali. Da can ma dauɗar ce ta ruɗe su."

Ban yi ƙarya ba. Na duba maganar ta kowane gefe, ban yi ƙarya ba. Amma ban ba kaina maki a kanta ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Hoton na nan. Najib ya ce in nuna mata, haƙƙinta ne, uwarta ce. "Ke da kike cewa ba a ɓoye abin da bincike ya gano." Ya fi ni gaskiya, shi ya sa na yi fushi da shi.

Bayan azahar na sa hoton a aljihu na same ta a baranda tana kallon furannin da suka fito a bishiyar gaban gida, tana ta mamakin wai itace ya yi fure kafin ganye. Fatakar na cinyarta, yanzu ba ta rabuwa da ita. Na zauna. Hannuna na kan hoton.

Sai ta ɗaga ta ga rana ta ce, "Kin ga, haka take a hannun Inna. Da na gan ta fara sai ga fuskarta ta dawo mini, har ɗan karkata kan da take yi in za ta yi mana addu'a."

In na zaro hoton, za ta ga yatsan uwarta. Za ta kuma san da hannunta ta goge shi, da toka, tana murna. Ɗaya ba ya zuwa ba ɗayan. Na auna, na sake aunawa, har aka kira la'asar a rediyon Oumou.

Na ce mata sunan bishiyar ban sani ba, zan tambaya.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Babbar Sallah. Mun dawo daga idi, Gwaggo ta shafa man kaɗanyarta ta sa turare, ta ce ni da Najib mu zo mu tsaya. Ta fara da shi, yana ta dariya. Da ta zo kaina ta kama hannuna ta buɗe, ta ɗora fatakar, ta danna da babban yatsa da ƙarfi, a kan fuskar tsabar sosai. Wata bakwai bakina ya saba da "ta gefe, Gwaggo, ta gefe." Wannan karon na bar ta.

"Allah kada ya bar hannun nan wayam."

Na jira ta ɗauke. Sai ta naɗe yatsuna a kai ta ce ita ta gama riƙo, ran Talata za ta koma gida, kuma ba ta son a sake aika ta ko'ina.

Talata, 22 ga Afrilu

Mun kai ta filin jirgi da safe. Ta hana a tura ta a keke, wai tana so ta karanta allunan da kanta. Gidan ya yi faɗi.

Na mayar wa Mista Pegram gilashinsa. Kafin in fita daga gida na ɗan duba fatakar da shi, don in tabbatar ba abin da ya same ta kawai. Man kaɗanya ya kwanta a gaban fuskar Sarki, layi-layi. A shago na tambaye shi, don kundin, shekara nawa maiƙon hannu ke ɗauka kafin ya kama azurfa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya danganta da inda aka ajiye. A cikin fata irin waccan, ashirin, talatin. Ya ce in ana so a hana, yau-yau ya kamata a cire shi, yana da ruwan da ke yi ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Na ce zan duba.

Gobe zan miƙa babi na huɗu. Jadawalin ya koma sha ɗaya, kuma ya zauna.

Na ɗauke ta ta gefe na mayar cikin jakarta, hoton kuma na sa a ƙasan akwati. Allurar gidan nan ba ta shiga fata, biyu na karya kafin in gama gefe ɗaya. Oumou ta ce tana da babba.